Masarar da Muka Rina Ja

Shekarun baya, za su kai bakwai yanzu, na aikata wani abu da ban taɓa ba da labarinsa a nan ba. Da yawanku masu bibiyata kun san ni da ɗan rubutun ƙarfafa zuciya da nake sakawa kowace safiyar Lahadi, har wasu kan rubuto suna cewa Allah ya ba su irin bangaskiyata. Duk ranar da na karanta irin wannan saƙon sai in ji kunya ta kama ni. Yau dai na ce bari in faɗa muku dalili.

A Gusau aka haife ni. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifina garin, ya rasu ina sakandare, ya bar ni da mahaifiyata da ƙannena mata biyu. Da na gama karatun aikin gona, na yi yawon neman aiki har masu gadin ofisoshi suka fara gaishe ni da suna, amma shiru. Wanda ya ɗauke ni a ƙarshe wani dattijon cocinmu ne mai shagon kayan noma, yana sayar da taki da maganin feshi da irin shuka. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Shi ya tsaya a kanmu lokacin rasuwar mahaifina, kuma in ya tashi yin addu'a a gaban jama'a sai ka ga mata suna share hawaye. A shago ina ce masa Oga, a coci Baba Dattijo.

Aikina shi ne bin kasuwanni. Ranar kasuwar Tsafe in loda kaya a mota in tafi can, ranar ta Bungudu in nufi can, in shimfiɗa tamfol, in kafa lema, in zauna har la'asar. A Bungudu na haɗu da wani tsoho manomi daga Karakkai. Ya zo neman maganin feshi, wai dawarsa ta ƙi girma, ta yi rawaya. Da na yi masa 'yan tambayoyi sai na gane ƙuduji ne ya cinye gonar, wannan ciyawar mai furen da ke tsotse dawa daga saiwa. Na ce masa, “Baba, riƙe kuɗinka. Babu abin da ke kan tamfol ɗin nan da zai yi maka maganinsa. Ka tuge shi kafin ya zubar da 'ya'ya, baɗi ka sa wake a wurin.”

Ya daɗe yana kallona. Daga ranar ya mayar da ni ɗansa. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ya gaishe ni, wani lokaci da ƙullin gyaɗa, wani lokaci da ƙwan zabi. Kuma ya riƙa jawo mini mutanen ƙauyensu yana ce musu, “Ku saya wurin wanga ɗan coci. Ba ya rantsuwa, amma in ya ce maka abu, haka nan yake.” Ba zan ɓoye muku ba, maganar tana mini daɗi, kaina har kumbura yake yi. Ina komawa Gusau nake ba Oga labari ina washe baki, shi kuma yana saurare yana gyaɗa kai. Ni a wautata na ɗauka murna yake taya ni.

Shekarar da abin ya faru, ingantaccen irin masara ya yi wuya kuma ya yi tsada. Ga waɗanda ba su san harkar ba, irin kamfani yakan zo ne a ƙananan ledoji, ƙwayar an shafa mata wani jan magani don kare ta daga ƙwari a cikin ƙasa. Manomi ko bai iya karatu ba ya san jan nan, da ya gan shi hankalinsa ya kwanta.

Wata rana da azahar, damina na gab da faɗuwa, Oga ya aike ni sito da ke bayan gidansa in ɗauko kwalayen maganin ciyawa. Ina tura ƙofa na tarar da mata biyu zaune gaban manyan bahuna, hannayensu jajir har gwiwar hannu. Gefe guda ga buhunan tsohuwar masara, irin wadda ta kwana biyu a ajiye har ƙwaro ya fara huda ta. Suna tankaɗe ta su fitar da manyan ƙwayoyi, su zuba a baho, su kwaɓa da jan kala irin na rini, su shanya a kan buhu. Can lungu kuma ga injin liƙe leda, da tarin sababbin ledoji masu hoton wani ƙaton goyon masara da sunan kamfanin da ban taɓa ji ba. Na ɗebo ƙwayar a tafin hannuna na murza. Kalar ta bi yatsuna, ƙwaya ɗaya ma ta fashe ta zama gari.

Na koma shago. Na jira har mai saye na ƙarshe ya fita, sannan na ce, “Oga, na ga abin da ake yi a sito.”

Ko gezau bai yi ba. Ya jawo mini kujera ya ce in zauna. “Me ka gani? Masara ka gani ko tsakuwa?”

Na ce masara ce, amma ba iri ba ce.

Ya yi dariya. “Kai da karatunka. Kafin a ƙirƙiro kamfani, da me kakanninmu suke shuka? Masara ce, in an sa ta a ƙasa za ta fito. Je ka zaga kasuwar nan kaf, ka nuna mini wanda ba ya yi. Mu da ba mu da kowa a garin nan, in ba mu buɗe ido ba wa zai buɗe mana? Ka bar coci a coci, nan kasuwa ce.” Sai kuma ya sassauta murya, ya dafa kafaɗata. Ya ce ya kama shago a Tsafe, kuma ba shi da wanda zai damƙa wa sai ni. Ya san ina neman aure, ya san iyayen yarinyar sun ce sai na tsaya da ƙafafuna. “Damina ɗaya ce kawai,” in ji shi. “Kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Kai dai ka ajiye kaya a gabanka. Mutanen nan sun yarda da kai, ba sai ka ce komai ba.”

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta kama ni. Na tafi gida ina jujjuya ta, kafin gari ya waye na gina mata katanga na yi mata rufi. Na ce wa kaina ai ba ni na rina ba, ba ni na liƙe ledar ba, ba ni na buga rubutun ba. Ni ɗan aike ne. Muddin bakina bai furta cewa iri ne mai kyau ba, ban yi ƙarya ba. Har doka na kafa wa kaina: in an tambaye ni, zan nuna rubutun da yatsa kawai. Ku ji fa, ni da nake koyar da matasa a coci, na zauna na ƙirƙiro hanyar da zan cuci mutum harshena kuma ya fita da tsarkinsa. Har wani daɗi na ji, kamar na ci jarrabawa.

A Tsafe na fara. Abin ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata, don yawancin masu sayen ban san su ba. Mutanen 'Yandoto da ƙauyukan kewaye suka yi ta ɗiba, kowa na sauri ya koma gida da rana saboda halin da hanya take ciki. Kafin la'asar ledojin sun ƙare. Babu wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban ce komai ba. A mota ina dawowa har barci na yi.

Sai ranar kasuwar Bungudu ta zo. Tun da na shimfiɗa kaya nake addu'a a zuciyata kada tsohon nan ya zo, addu'ar da ni kaina na san ba ta wuce lemar da ke kaina ba. Wajen hantsi sai ga shi, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na yi makonni ban gan shi ba. Ya durƙusa a gefen tamfol muka gaisa, sannan ya ba ni labari. 'Yan bindiga sun shiga musu, sun kora shanu, sun cinna wa rumbuna wuta. Babban ɗansa, wanda ke riƙe da gidan, an harbe shi a hanyar gona. Ya bar mata da 'ya'ya biyar, duk sun dawo wuyan tsoho.

“Gonakin daji mun bar masu, ɗana,” in ji shi. “Guda ɗai ta rage, ta bayan gari. Irin da nika ajiyewa tun zamanin ubana ya ƙone cikin rumbu, ko ƙwara ban tsira da ita ba. Bana masara nika so, mai saurin nuna, yara su samu abin gasawa kahin yunwa ta kai mu ƙasa.”

Idonsa ya sauka kan jajayen ledojin. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya kalli hoton.

“Wagga hwa? Tana da kyau?”

Na miƙa yatsa, kamar yadda na tsara. Na ce, “Baba, ga shi nan a rubuce, mai saurin nuna.”

Ya yi ɗan murmushi. “Ni mi na sani ga bokonku? Kai nika tambaya.”

Ban ce e ba. Gaskiya nake gaya muku, ban ce e ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan kamar wani abin kirki. Kai kawai na gyaɗa. Ya ɗauki leda huɗu, da kuɗin akuyar da ta rage masa wadda ya sayar da safiyar nan. Ya sa mini albarka, ya ce Allah ya ba ni mata tagari, ya saɓa kayansa ya tafi. Na bi bayansa da kallo har ya shige cikin mutane. Ranar ban iya cin abinci ba.

Lahadin da ta biyo ranar Jibin Ubangiji ce, ranar da ake raba gurasa mai tsarki a coci. Dattawa suka taso da faranti suna bin layi-layi, kuma wanda ya zo layinmu Oga ne, cikin farar babbar riga, fuskarsa a natse. Ya miƙo mini. Na kalli gurasar, na kalle shi, hannuna ya ƙi tashi daga cinyata. Na sunkuyar da kai har ya wuce. Na ɗauka babu wanda ya lura, na manta mahaifiyata tana ɓangaren mata kuma idonta bai taɓa barin kaina a coci ba tun ina yaro.

Muna shiga gida, ko ɗankwali ba ta cire ba ta ce, “Me ya hana ka cin Jibi yau?”

Na fara kame-kame, wai cikina ne. Ta ce, “Ni na haife ka.” Sai na zauna a bakin tabarma na faɗa mata komai, har da gyaɗa kan. Na zaci za ta yi mini wa'azi ko ta fashe da kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dawo.

“Ruwa bai sauka ba tukuna,” ta ce. “Bai shuka ba. Gobe da sassafe ka kama hanya, ka karɓo abin nan daga hannunsa.”

Na ce to. Kuma da gaske nake a lokacin.

Litinin aka ce an tare hanya da asuba, wannan gaskiya ne, kowa ya ji. Talata hanya ta buɗe, amma na ce bari in ga yadda za ta kwana. Laraba na ce ai in na je hannu wofi me zan ba shi a madadi, bari in nemo iri na gaskiya tukuna, kuma ban fita nema ba. Can ƙasan zuciyata na san abin da nake gudu. Ba 'yan bindiga nake tsoro ba. Tsoro nake in tsaya gaban mutumin da ya tara mini jama'a yana yabona in ce masa ni macuci ne. Na ce bari ranar kasuwa ta zagayo, in ja shi gefe cikin dabara.

Alhamis da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda manomi ba ya jiran na biyu. Unguwa ta kaure da murna, ana ta tara bokitai a bakin indararo. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallo, na san gobe war haka duk mai sungumi yana gona. Mahaifiyata ta wuce ta gabana da baho, ta je ta tara shi a bakin indararo.

Washegari na je shago na tarar an riga an loda mota da jajayen ledoji, ninkin na baya, don bayan ruwan farko ne ake rububin iri. Oga ya ce in yi sauri. Ban san inda ƙarfin ya fito ba, don ba ni da shi. Na ce, “Oga, ba zan ɗauka ba.”

Ya ce in sake faɗa. Na sake.

“Shagon Tsafe fa? Auren fa?”

Na ce a bar su.

Ya dube ni sama da ƙasa, fara'ar nan duk ta ɗauke. “Yau ka zama waliyyi ke nan. Wanda aka sayar makon jiya, mala'ika ne ya sauko ya sayar? Ajiye mini makullina.” Na ajiye. Kafin in kai bakin titi an samu wani ya shiga gaban motar, ta tashi. Ƙin da na yi bai hana leda ko ɗaya isa kasuwa ba.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne yadda na koma gida ina jin kaina jarumi. Na rasa aiki saboda gaskiya. Na zauna mako uku ina lasar wannan alewar, ina addu'a da murya mai ƙarfi, har na fara tsara yadda zan ba da shaida a gaban ikkilisiya. Maganar tsoho kuwa na ce ai bakin alƙalami ya bushe, an riga an shuka, zuwana ba zai tono ƙwayar daga ƙasa ba. Wannan ita ce ƙarya ta biyu da na yi wa kaina, kuma ta fi ta farko muni, domin a makon farko da na je da an sake shuka.

Mahaifiyata ce ta fasa mini ƙwan. Ina zaune ina ba ƙanwata labarin yadda na tsaya wa Oga, karo na nawa ban sani ba, sai ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, “Kai dai ka fita. Shi tsohon har yanzu yana ciki.”

Da safe na hau mota zuwa Bungudu, daga nan na ɗauki ɗan kabu-kabu zuwa Karakkai. Muna tafe gonakin mutane sun yi kore shar, masara ta kai gwiwa. Aka nuna mini gonar bayan gari. Ba sai an nuna ba ma. Kunya-kunya an yi huɗa mai kyau, an share ciyawa tas, aikin mutumin da ya san noma, amma tsiron ɗai-ɗai ne, nan ɗaya, can ɗaya bayan taku biyar, su ma sirara masu rawayan ganye. Sauran duk jar ƙasa ce. Tsoho yana tsugune a tsakiya yana tona rami da yatsa.

Da ya gan ni ya miƙe da murna. “Ɗana! Kai ne da kanka? Na zo kasuwa sau biyu ban iske ka ba, na ce ko lahiya.” Ya ja ni inuwar wata bishiya, ya aika a kawo mini ruwa. Sannan ya nuna gonar da haɓa. “Ka ga abin da Allah ya jarrabe ni da shi. Na ce ko ɓeraye ne, na ce ko zabi. Na tona, sai in iske ƙwarar ta ruɓe nan inda na sa ta. Ina ga ƙasar ce ta gaji, ko kuwa hannuna ne ya tsuhwa, na zurfafa rami. Kada ka damu, ba laihin irinka ba ne.”

Kun ji. Shi da kansa ya buɗe mini ƙofa ya ce in fita. Da na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na sha ruwana, na hau babur, da har ya mutu yana ganin laifin hannunsa. Ban taɓa jin jaraba mai ƙarfin ta wannan minti ɗin ba, ko ta Oga ba ta kama ƙafarta ba. Oga ya yi mini tayin shago ne. Wannan kuwa tayin mutuncina ne, kyauta, daga bakin wanda na cuta.

Na durƙusa a ƙasa. Na ce, “Baba, ba ƙasa ba ce, ba hannunka ba ne. Abin da na sayar maka ba iri ba ne. Tsohuwar masara ce aka rina da jan kala. Na gani da idona kafin in kawo ta kasuwa. Na sani lokacin da ka tambaye ni.”

Matar ɗan nasa da ta kawo ruwan tana tsaye da kwano a hannu, ita ma ta ji. Ni kuwa na fara fatan ya ɗauki sungumi ya buga mini.

“Mi kac ce? Ka sani?”

Na ce na sani.

Ya koma ya zauna a kan saiwar bishiyar a hankali. Ba faɗa, ba zagi. Ya ce, “Shekarata hamsin ina noma. Ban taɓa sa iri ƙasa ba sai na ƙirga ƙwara ishirin na naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, na aje bayan randa kwana huɗu, in ga nawa za su tsaga. Ko irin rumbuna haka nika yi mai. Bana ɗai ban yi ba. Na ce wanga daga hannun ɗana ya hito, mi zan gwada?”

Na yi kuka a wurin, ƙaton mutum da ni. Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Yahiya ta Allah ce, ni ma ina nema. Ka hwaɗi gaskiya, ban hana ka ba. Sai dai ka hwaɗe ta bayan na shuka.” Matar ta juya da kwanon ruwanta ta koma cikin gari.

Lokacin masara ya riga ya wuce. Abin da ya rage shi ne wake. Mahaifiyata tana da tiya uku na irin wake da wata 'yar'uwarta ta aiko mata, ta juye mini duka a buhu, bayan kwana biyu na koma da shi. Tsoho ya karɓa, ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Sannan a gabana, ba tare da ya ɓoye ba kuma ba don ya ci mini fuska ba, ya zura hannu a buhun, ya ƙirga ƙwaya ashirin, ya yagi tsumma ya jiƙa, ya naɗe su. Ya ce, “Sauka lahiya, Malam.”

Waken ya fito, ya ɗan yi, amma wake ba ya riƙe gida mai baki takwas. Kafin sanyi ya shigo na ji labari matar ɗan ta kwashe yaran ta koma wurin danginta, aka rarraba su gida-gida. Tsoho ya rage shi da matarsa. Ba zan ce masarata kaɗai ta raba gidan nan ba, waɗanda suka ƙone rumbu su suka fara. Amma ya rage masa gona ɗaya da damina ɗaya, kuma ni na cinye su.

Na kai maganar gaban fasto. An zauna, an kira Oga, ya ce sharrin yaron da ya kora ne. Daga baya aka dakatar da shi daga raba Jibi na wasu watanni, ya yi fushi ya koma wata ikkilisiya. Shagonsa yana nan. Aurena ya ja shekara biyu kafin a yi, yarinyar ta jira, ita ce uwar 'ya'yana yanzu. Mutanen Tsafe da 'Yandoto da suka sayi nasu kuwa, ko fuska ɗaya ban riƙe ba, ban san gona nawa ba ce, ban san gidan wa zan je in durƙusa ba.

Na girma ina jin ana gargaɗinmu a kan jarabar duniya, ni kuma ina hango ta a gidan giya da wurin rawa, wuraren da dama ba na zuwa. Ban san za ta zo mini da muryar da na saba ji tana addu'a ba, ta yi mini magana mai ma'ana, ta ce kowa yana yi, ta ce ba sai na buɗe baki ba. Kuma ban san abin da za ta saya a wurina shi ne ɗan sunan kirkin da bangaskiyata ta jawo mini ba. Mutumin nan ba addininmu ɗaya ba, amma ya ga wani abu a tare da ni ya danganta shi da cocin da nake zuwa, ni kuma na ɗauki abin na sa a leda na sayar masa. Na gaskata Ubangiji ya gafarta mini, ba na shakka. Sai dai gafarar ba ta mayar da yaran nan gida ɗaya ba, kuma na daina jiran ranar da abin zai bar yi mini ciwo.

In kana da wata Karakkai da ya kamata ka je, kada ka jira ranar kasuwa. Ni kwana huɗu na samu, na kashe su wajen neman dalili.

Bara aka aiko mini tsohon ya rasu. Na je ta'aziyya, na zauna a gefen tabarma cikin mutanen da wasunsu suka gane ni suka kawar da kai. Da na tashi tafiya ƙaninsa ya rako ni har bakin hanya. Muna jiran babur sai ya ce, “Ai marigayi yakan yi zancenka.” Ya dube ni, yana jira in tambaya. Babur ya zo na hau, har yau ban san abin da yake cewa ba.